Tsohon injin wanki ko sabo: Ƙarko yana wajen wanda ake iya kwancewa a gyara

A gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a Kano, Kaduna, Abuja da sauran birane, injin wanki ya tashi daga sahun kayan ƙawa ya shiga na kayan buƙata. Inda miji da mata duk suke fita aiki, shi ke ɗauke nauyin wankin kayan makarantar yara da na zuwa ofis. Ga masu shagunan wanki da guga kuwa, shi ne jarin gaba ɗaya.

Sai dai tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta riƙa yi wa Naira farashi, sayen sabon inji ya zama babban al'amari. Dalar Amurka da ake canzawa a kan Naira 460 da 'yan kai a kasuwar gwamnati ta haura Naira 1,500 a 2024, kuma injinan wanki, ko dai shigo da su ake yi, ko kuma a harhaɗa su a cikin gida da sassan da aka shigo da su. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba zai sayi inji mai sarrafa kansa da albashin wata ɗaya ba. Saboda haka duk ranar da inji ya tsaya, tambayar da ke gaban maigida ita ce: a gyara, a sayi sabo, ko a nufi wajen masu sayar da na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyam ko tokumbo?

Shin da gaske na da ya fi ƙarko?

Masu gyara da masu saye sun daɗe suna cewa injinan da aka ƙera shekara 20 ko 30 da suka wuce sun fi na yanzu daɗewa. Maganar tana da madogara. Wani bincike da Hukumar Kula da Muhalli ta Jamus ta fitar a 2016 ya nuna cewa, cikin manyan kayan lantarki na gida da aka sauya, waɗanda aka sauya saboda lalacewa tun ba su cika shekara biyar ba sun ƙaru daga kashi 3.5 cikin 100 a 2004 zuwa kashi 8.3 a 2013.

Amma akwai abin lura. Tsohon injin da ake gani yana aiki a yau shi ne wanda ya tsira, takwarorinsa marasa nagarta tuni 'yan gwangwan suka auna su a sikeli. Haka kuma injin wancan zamani tsada gare shi ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ma'aikaci ke samu, kuma kamfanoni sun rage farashi ne ta hanyar rage ƙarfe da sauƙaƙa haɗi. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Har yanzu akwai sababbin injina masu ƙarko, irin na kamfanin Miele na Jamus da ke cewa yana gwada kayansa daidai da aikin shekara 20, amma farashinsu ya fi ƙarfin mai matsakaicin samu.

Ke nan tsufa kaɗai ba shi ne sirrin ba. Babu injin da zai yi shekara 20 bai taɓa tsayawa ba. Abin da ya bambanta na da shi ne, idan ya tsaya ana iya buɗe shi, a gano abin da ya ci, a sauya shi da kuɗi kaɗan, ya ci gaba da aiki.

Abin da ke lalacewa a cikin inji

Sassan da suka fi mutuwa a injin wanki sanannu ne, kuma yawancinsu ƙanana ne: bel ɗin da ke juya ganga, famfon da ke fitar da ruwa, robar bakin ƙofa, makullin ƙofar, kafasita, burushin da ke cikin moto, da hitar da ke dumama ruwa. Duk waɗannan mai gyara na iya sauya su cikin yini guda.

Matsalar tana wurare biyu. Na farko shi ne boris ɗin da gangar wanki ke juyawa a kansa. Akwai robar da ke hana ruwa isa gare shi, kuma idan ta saki, sai ya yi tsatsa, inji ya fara ƙara kamar jirgi zai tashi a lokacin matse kaya. A tsofaffin injina, bahon da ke riƙe ruwa an haɗa shi ne da kusoshi, ana kwance shi gida biyu a fitar da boris a sa sabo. A yawancin injina masu araha na yanzu, bahon na roba ne da aka narkar aka liƙe shi gaba ɗaya. Mutuwar boris, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai ta zama sai an sayi baho da ganga sukutum, kuma kuɗinsu kan kusanci na sabon inji. Wasu masu gyara a Najeriya kan yanka bahon da zarto su sake liƙe shi, aikin da wani lokaci ya riƙe, wani lokaci ya riƙa yoyo.

Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar inji. Na da yana aiki ne da agogon murɗawa mai haƙora, wanda ba ya damuwa sosai da hawa da saukar wuta. Na yanzu allo ne na lantarki mai ɗauke da manhaja, kuma kowane samfuri da irin nasa. Idan ya ƙone, samun daidai da shi a kasuwa sai an sha wahala, wani ma sai an haɗa shi da na'urar kamfani kafin ya yarda ya yi aiki.

Wuta da ruwan Najeriya

A nan ne yanayin ƙasar ke shigowa. An tsara injin Turai ne don gidan da wutarsa ba ta rawa, kuma famfonsa ke kawo ruwa da ƙarfi dare da rana. A Najeriya wuta na zuwa da rauni, ta ɗauke ana tsakiyar wanki, ta dawo da ƙarfin da ya wuce kima, ko kuma a juya zuwa janareta. Allon lantarki ne ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Ruwan rijiyar burtsatse a wasu unguwanni yana tafe da yashi da kanwa-kanwa da ke toshe matata da daskarewa a jikin hita, tankin da bai yi tsayi ba kuma ba ya tura ruwa yadda inji ke so.

Wannan ne ya sa inji mai baho biyu, wanda ake zuba masa ruwa da bokiti, a wanke a gefe ɗaya a matse a ɗaya gefen, ya samu karɓuwa. Ba shi da hita, ba shi da ƙwaƙwalwa, ƙaramin janareta ko sola na iya ɗaukarsa, kuma mai naɗin koyil na unguwa ya san cikinsa. Aibinsa shi ne jikinsa na roba da rana ke busarwa har ya tsage, da kuma bukatar mutum ya tsaya a kansa.

Tsohon inji ma yana da nasa hasarar da ba a gani nan take. Injinan shekarun 1980 kan sha fiye da lita 100 na ruwa a wanki ɗaya, alhali sabo mai ƙofa a gaba na iya gamawa da kimanin lita 50, wato jarka biyu ta mai garuwa. Batun wuta kuwa, mafi yawan abin da inji ke ci yana tafiya ne wajen dumama ruwa, domin hitarsa kan ja kusan wat 2,000. Tun da Hukumar NERC ta ninka kuɗin wutar rukunin Band A fiye da sau uku a watan Afrilun 2024, wannan ya zama abin lissafi. Sai dai a ƙasa mai zafi, inda yawancin wanki da ruwan sanyi ake yi, ratar cin wuta tsakanin tsoho da sabo ba ta da faɗin da za ta sa a jefar da injin da ke aiki.

Turai ta mayar da gyara doka

Ƙorafin cewa kamfanoni na taƙaita rayuwar kaya da gangan ba sabo ba ne. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki suka haɗa baki, a ƙawancen da aka sani da Phoebus, suka tsayar da rayuwar ƙwai a awa 1,000. Faransa ta mayar da irin wannan aiki laifi a 2015, da hukuncin ɗaurin shekara biyu da tarar Yuro 300,000. A Janairun 2021 ta wajabta liƙa maki daga sifili zuwa goma a jikin wasu kayayyaki, ciki har da injin wanki, domin mai saye ya san sauƙin gyaransu, sannan a 2025 ta faɗaɗa makin injin wanki ya haɗa da ƙarko.

Tarayyar Turai kuwa, daga 1 ga Maris 2021 ta ɗora wa masu ƙera injin wanki wajibcin samar da kayan gyara har shekara goma bayan sun daina sayar da samfuri, su kai su cikin kwanakin aiki 15, kuma su kasance ana iya sauya su da kayan aiki na yau da kullum. A 2024 ta ƙara da dokar 'yancin gyara, wadda ta tilasta wa kamfani gyara kaya a farashi mai ma'ana ko da garanti ya ƙare, ta kuma ƙara wata 12 a kan garantin wanda ya zaɓi gyara maimakon canji. An ba ƙasashen ƙungiyar zuwa 31 ga Yulin 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu.

Dokokin ba su toshe kowace kafa ba. Ƙa'idar 2021 ta yarda kamfani ya sayar da boris haɗe da ganga a matsayin abu ɗaya, don haka liƙaƙƙen baho bai zama haram ba. Wasu sassan kuma ƙwararrun masu gyara kaɗai aka wajabta a sayar wa.

Abin da ya shafi kasuwar Najeriya

Lamarin ya shafi Najeriya kai-tsaye, domin mafi yawan kayan lantarki na hannu da ke cika kasuwar Alaba a Legas, su gangaro Sabon Gari a Kano, daga Turai suke fitowa, kuma ƙarfin wutarsu ya dace da na ƙasar, saɓanin na Amurka. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin tan 60,000 na irin waɗannan kaya ke shigowa a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki tun daga jirgi.

Dokar Turai na iya zuwa da fuska biyu. Injinan da aka ƙera bayan 2021 za su daɗe ana samun kayan gyaransu, wanda alheri ne ga dillalin da ya san hanyar odarsu. Amma idan Bature ya riƙa gyara injinsa yana riƙewa, wanda zai saki daga ƙarshe zai iso Apapa ne bayan ya gama ƙarfinsa. Ga kuma gyaran da aka yi wa Yarjejeniyar Basel, wanda ya fara aiki a 1 ga Janairun 2025, da ya hana tura kowace irin sharar lantarki zuwa wata ƙasa sai da amincewarta. Tushen ɗan Beljiyam mai baho na kusoshi da agogon murɗawa yana ƙafewa, domin an daɗe da daina ƙera irinsa da yawa.

A cikin gida, Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye damar neman gyara, canji ko dawo da kuɗinsa idan kaya suka zo da aibi. Hukumar SON na duba ingancin abin da ake shigowa da shi, NESREA kuma tana da ƙa'idojin kayan lantarki tun 2011. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ya kai ga tilasta wa mai shigo da inji ajiye kayan gyaransa na tsawon shekaru irin na Turai. Shi ya sa mai gyara ke dogaro da ciro sassa daga mataccen inji ya dasa wa mai sauran numfashi.

Wannan shi ne giɓin da ya fi sauƙin cikewa. Najeriya tana da abin da Turai ta rasa, wato ɗimbin masu gyara da kuɗin aikinsu bai fi ƙarfin talaka ba, daga Panteka a Kaduna har rumfunan bakin titi a kowace unguwa. Abin da suka rasa shi ne sassa na ainihi, da zanen cikin inji, da horo a kan allunan lantarki. Sharaɗin cewa duk kamfanin da ke sayar da inji a ƙasar ya tanadi kayan gyara na wasu shekaru, ya kuma sayar wa kowane mai gyara, ba zai ci wa gwamnati kuɗi mai yawa ba, kuma zai rage Dalar da ake fitarwa wajen sayo sabo.

Kafin a biya kuɗi

Kafin hukumomi su motsa, nauyin yana kan mai saye. Masu gyara sun fi dillalai sanin injin da ke da kaya a kasuwa, don haka tuntuɓarsu kafin saye ta fi tuntuɓarsu bayan lalacewa. Mai sayen na hannu ya nemi a jona injin ya yi wanki cikakke har matsewa a gabansa, ya juya gangar da hannu ya saurari ƙara, ya ɗaga ta ya ji ko tana girgiɗi, ya kuma tambaya ko bahon na kusoshi ne ko liƙaƙƙe. Mai sayen sabo ya karɓi rasit da takardar garanti, ya san inda cibiyar gyaran kamfanin take.

Bayan saye, na'urar daidaita wuta, da matatar ruwa a bakin tiyo, da daidaita ƙafafun inji a ƙasa mai lebur, da guje wa cusa masa kaya fiye da kima, su ne ke ƙara masa shekaru. Idan kuma tsohon inji ya tsaya saboda bel, famfo ko kafasita, gyara shi ya fi riba nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma fa sai an samu mai gyara da ya san ta, da kasuwar da ke da kayanta.