Amurka: An ba iyaye gaskiya a kotu, an katse wa ƴaƴa waya

Cikin makonni uku kacal na shekarar 2025, magabatan Amurka sun yanke shawara biyu dangance da matasa masu neman jinsi ɗaya, wato samari da ƴan matan da zuciyarsu ke karkata ga jinsinsu. Ran 27 ga watan Yuni, kotun ƙolin ƙasar, da rinjayen alƙalai 6 bisa 3, ta ba wasu iyaye na gundumar Mongomeri cikin jihar Merilan gaskiya, ta ce suna da ikon janye ƴaƴansu daga aji duk lokacin da za a karanta littattafan hikaya masu ɗauke da labarin auren jinsi da makamantansa. Iyayen nan Musulmi ne da Kiristoci, Katolika da Otodoks. Ran 17 ga watan Yuli kuma, gwamnatin tarayya ta rufe wani sashe na lambar tarho 988, layin agajin masu tunanin kashe kansu, sashen da aka keɓe wa irin waɗannan matasa tun 2022, wanda ya amsa kira da saƙo sama da miliyan ɗaya.

Masu murna sun haɗa shawarwarin biyu wuri ɗaya sun yi guɗa, masu baƙin ciki su ma sun haɗa su sun yi kuka. Dukansu sun yi gaggawa. Ta farko tana da hujjar da mai hankali zai iya karewa, ta biyu kuwa da wuya a same ta da hujja.

A ɗauki ta farko. Hukumar makarantun Mongomeri ta shigar da littattafan ne a 2022 domin ƙananan azuzuwa, kuma da fari ta yarda a sanar da iyaye, wanda bai so ba ya janye ɗansa. A watan Maris na 2023 sai ta soke wannan dama, bisa cewa masu janyewa sun yi yawa har aikin malamai ya rikice. Yawan masu janyewar nan kuwa ai saƙo ne, kamata ya yi a zauna da su a ji ta bakinsu. Maimakon haka aka rufe ƙofa, aka tura mutanen da ke iya zama abokan shawara zuwa gaban alƙali, aka ɓata shekara biyu ana kokowa, daga ƙarshe hukumar ta sha kaye. Yaro ɗan shekara biyar ko shida amana ce a hannun uwa da uba kafin ya zama amanar lakwal, kuma duk tsarin karatun da ya ɗauki iyaye tamkar wani shinge da za a tsallake, to ya fara da tuntuɓe.

Sai dai akwai iyaka ga abin da hukuncin ya faɗa. Bai ce a fitar da littattafan daga makaranta ba, bai kuma ce malami ya kau da kai idan ya ga ana dukan yaro ko ana yi masa ba'a a filin wasa ba. Ingila ta riga ta gwada hanyar yin shiru, an ga inda ta kai ta. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da aka sani da Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi yayata luwaɗi da maɗigo. Ba a taɓa hukunta kowa da ita ba, amma tsoronta ya wadatar: malamai da dama sun daina ambaton maganar kwata-kwata, har a lokacin da ɗalibi ya zo musu da hawaye. Sikotlan ta soke dokar a 2000, Ingila da Wels suka bi sahu a 2003, kuma a 2009 David Cameron, shugaban jam'iyyar da ta kawo ta, ya fito fili ya nemi gafara.

Batun wayar kuwa, hujjar gwamnati ita ce lambar 988 tana nan buɗe ga kowa, babu dalilin ware wasu. Maganar tana da daɗin ji. Amma wanda ya san yadda yaro ke ɓoye sirrin da yake jin zai raba shi da gidansu ya san cewa abin da ke sa shi buɗe baki shi ne tabbacin wanda ke sauraronsa ba zai razana ba, ba zai kuma yi masa wa'azi a daren da yake riƙe da ƙwayoyi a hannu ba. Tun 1989 wani rahoton ma'aikatar lafiyar Amurka ya nuna cewa waɗannan matasa sun fi sauran tsararrakinsu yunƙurin kashe kansu ninki biyu zuwa uku. Layin agaji bai shiga aji ba, bai tilasta wa ɗan kowa karatu ba, yaron ne da kansa ke nemansa idan duniya ta yi masa ƙunci. Rufe shi bai ƙara wa wani uba ko ƙwayar zarra ta iko ba.

Abin da hayaniyar kotu da ta siyasa ta danne shi ne, mafi amfanin abin da aka rubuta kan wannan al'amari cikin shekaru hamsin, iyaye aka rubuta wa. Asalin tafiyar ma daga wata uwa ne. Jeanne Manford malamar firamare ce a birnin Niyok. A watan Afrilu na 1972 aka lakaɗa wa ɗanta Morty duka wurin wata zanga-zanga, ƴan sanda suna kallo. Ta rubuta wa jarida wasiƙa ta ce ɗanta ne kuma tana ƙaunarsa, cikin watan Yuni ta yi tattaki tare da shi a titi, a watan Maris na 1973 kuma ta tara kimanin mutum 20 a wata majami'a. Daga wannan zama ƙungiyar PFLAG ta samo tushe, ƙungiyar iyaye da dangi da abokai. A Faransa ma ƙungiyar Contact ta bi wannan hanya tun 1993, yayin da Le Refuge, wadda aka kafa a Mompeliye a 2003, ke ba matasan da aka kora daga gida wurin kwana. Kasancewar gida irin wannan a ƙasa mai arziki kamar Faransa ya isa shaida cewa korar ɗa ba ta san talaka ko mai kuɗi ba, ba ta kuma san addini ɗaya ba.

Wadda ta auna illar korar da alƙaluma ita ce Caitlin Ryan ta jami'ar jiha da ke San Faransisko. A watan Janairu na 2009 ita da abokan aikinta suka buga sakamakon bincikensu a mujallar likitocin yara mai suna Pediatrics. Sun tambayi matasa 224 masu shekaru 21 zuwa 25 yadda gidajensu suka karɓe su lokacin ƙuruciya. Waɗanda suka gamu da tsananin ƙi sun ninka waɗanda ba a ƙi ba sau 8,4 wajen yunƙurin kashe kai, sau 5,9 wajen ciwon damuwa mai tsanani, sau 3,4 wajen shan miyagun ƙwayoyi. Gaskiya ne adadin mutanen kaɗan ne, dukansu daga Kalifoniya, kuma abin da suka tuna suka faɗa. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da ba za a share ta da hannu ɗaya ba. Wani abin lura da binciken ya ƙara nunawa shi ne ko sassauci kaɗan daga iyaye yana rage haɗarin, ba sai sun sauya ra'ayinsu ɗungurungum ba.

A kan wannan ne aka gina ɗan littafin da Ryan ta rubuta domin iyalai, wanda ya fito cikin Ingilishi da Sifaniyanci da Sinanci. Littafin bai shiga gardamar halal da haram ba. Ayyuka ya lissafa. Kada a doki yaron, kada a kira shi da sunan wulaƙanci, kada a ware shi daga bukin dangi da cin abinci tare, kada a ɗora masa laifi idan wasu suka cuce shi a waje. A zauna a saurare shi ko da maganar tana da ɗaci, a hana ƴan uwa zaginsa, a tsaya masa idan an zalunce shi. Ta kuma lura cewa galibin iyayen da ke tsanantawa ba ƙiyayya ke tura su ba, tsoro ne da ƙauna, suna zaton da matsi za su ceto ɗansu. Saboda haka littafin bai zarge su ba, ya nuna musu abin da matsin ke haifarwa ne kawai, ya bar su da lissafinsu.

Za a ce, kuma mai karatu a Maraɗi ko Damagaram na iya kasancewa cikin masu faɗa, ai riƙe irin wannan yaro a gida amincewa ce da halinsa. Amsar tana cikin maganar magabata: hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uba yana ciyar da ɗan da ya saɓa masa a kan abubuwa da dama, babu mai cewa ya halatta saɓon. Mabiya ɗariƙar Mormon, waɗanda koyarwarsu ta haramta auren jinsi, sun gane haka. A 2012 Ryan ta haɗa kai da Robert Rees, tsohon bishop a cikinsu, suka fitar da bugu na musamman da ke magana da iyaye cikin harshen imaninsu. Majami'ar ba ta sauya aƙidarta saboda littafin ba, littafin ma bai nemi haka ba. Abin da ya nema shi ne yaron ya kwana cikin gida ya wayi gari da rai.

Iyayen Merilan sun yi nasara da hujjar cewa tarbiyya tasu ce, kuma hujjar tana da nauyi a wuyansu. Wanda ya ce lakwal ta bar masa wannan magana ya ɗauki alkawarin yin ta da kansa. A cikin dubban gidajen masu addini na wannan jiha, wata rana wani yaro zai tsaya gaban uwarsa yana rawar murya, kuma babu alƙalin kotun ƙoli da zai kasance cikin ɗakin. Limaman masallatan yankin, da likitocin yara Musulmi, da malaman majami'un da suka tsaya tare da su a kotu, suna da ilimi da ƙimar da za su zauna su rubuta wa iyayensu irin littafin da Rees ya taya rubutawa, da nassoshinsu da harshensu, su raba shi a ƙofar masallaci ran Juma'a da ta majami'a ran Lahadi.