Jinjina ga Waɗanda Suka Binne Bututu a Bauchi

Ɗan siyasa ya san abin da ke kawo tafi: buhun shinkafa da azumi, kujerar Makka, babur ga matasa, gadar sama da kowa zai ɗauki hoto a kanta. Bututun ruwa ba ya cikin wannan sahu. A tona titi, jama'a su yi ta guna-guni kan ƙura da cunkoso, a zuba maƙudan kuɗi a rami, a rufe da ƙasa, shi ke nan babu mai sake ganinsa. Shi ya sa waɗanda suka riƙe aikin ruwan Gubi na garin Bauchi suka cancanci jinjina.

Aikin ya zo ne ta shirin Bankin Duniya na gyaran ruwan birane, wanda aka amince da shi a 2014 domin Bauchi da Ekiti da Ribas. Ya kankama a zamanin Gwamna M. A. Abubakar na APC. Bala Muhammad na PDP ya kayar da shi a 2019, amma bai yi abin da aka saba ba, wato jingine aikin abokin hamayya har ciyawa ta cinye shi. Aka gyara matatar Gubi, aka shimfiɗa sababbin bututu, aka buɗe aikin a 2022. Wanda ya tuna 2021, lokacin da Bauchi ta fi kowace jiha yawan masu amai da gudawa, ya san wannan aikin ceton rai ne.

Sai dai da sauran rina a kaba. Har gobe ɗan ga-ruwa na tura kurarsa cike da jarkoki a lungunan garin, unguwannin bayan gari kuma suna ta faɗaɗa, bututu bai bi su ba. Injin turo ruwa wuta yake sha, ranar da babu wuta famfo sai iska. Ga kuma bututun da ya ratsa ta cikin kwata: da zarar ruwa ya ɗauke, ta inda ya tsage yake zuƙo ƙazanta ya kai har randar gida.

Gyaran duk wannan kuɗi ne, kuma nan ne za a gane shugaba. Babu mai son takardar kuɗin ruwa, balle mita a ƙofar gida, alhali talakan da ke sayen jarka kullum ya fi mai famfo biya. Mai girma Gwamna, a fara da manya: ma'aikatu da otal-otal da gidajen GRA su biya nasu, a bar kuɗin a hannun hukumar ruwa, sannan a ja bututu zuwa unguwannin da har yau rijiya suke sha.