FILIN 'YAN MATA: Wai "Karon Farko Ne"



Duk wadda ta taɓa zaman sauraron shari'a, ko a Gumel ko nan Sule Tankarkar, ta san tambayar da alƙali kan yi bayan laifi ya tabbata, kafin ya yanke hukunci: shin ya taɓa yi? Sai ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya duba takardunsa. In babu komai a rubuce, a ce karon farko ne, a sassauta masa. In akwai, hukunci ya ƙara nauyi.

To a nan gizo ke saƙa. Mutumin da ya saba tare yarinya 'yar talla a lungu, ko mijin da ya mai da matarsa jaka, sau nawa aka kai shi gaban mai unguwa aka ce a rufa asiri? Sau uku, sau huɗu. Ya ba da haƙuri, a shafa fatiha, a watse. Ranar da ya yi ɓarnar da ba ta rufuwa, sai ya tsaya gaban alƙali fes, kamar bai taɓa kashe ko kiyashi ba. Kotu fa ba ta aiki da "kowa ya san halinsa".

Shi ya sa a 2019 hukumar NAPTIP ta buɗe rajistar sunayen waɗanda kotu ta kama da laifin fyaɗe, don kada mutum ya yi a Gagarawa ya koma Maigatari ya zama sabo. Jigawa ma ta samu dokar hana cin zarafi a 2021, zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Amma sunan da ba a kai ƙara ba, wa zai rubuta shi?

Ke kuma amaryar gobe, ki riƙe wannan. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda alƙalanmu ke aiki da shi, matar da ta tabbatar miji ya cutar da ita cuta bayyananna tana da damar a raba auren, ko shaidu ba su ce ya maimaita ba. In kuwa ta yi ta kawo kuka babu shaida, alƙali kan zaunar da su cikin mutanen kirki su sa ido, in abin ya ƙi, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga nasa.

Ban ce sulhu laifi ba ne, ni ma ɗiyar wasu ce. Amma in za a yi, a yi shi gaban shaidu, a rubuta rana da wata, in akwai rauni a karɓo takardar asibiti, ki ba Inna ta adana a ƙasan adaka.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.