Kafin a yi gardamar gwangwani da buhu, a ba karen abinci

Dariyar da aka yi wa wani yaro a majalisarmu ranar kasuwar Garu ita ta tsaya mini a rai har yau. Ɗan ƙanena ne, ya dawo daga Kumasi da kwikwiyo irin na Turawa mai tsayayyun kunnuwa, ya tambayi manya cikin ladabi: "Baba, wanne ya fi, abincin gwangwani ko busasshen nan na buhu?" Sai wuri ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, mutane na neman na koko, kai kana zaɓa wa kare miya?" Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa, karensa na san shi: ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, kullum yana bola yana tono.

To, ni zan ba yaron amsa, tunda ya tambaya.

A nan Tempane, na buhu ya fi, kuma lissafi ne kawai. Abincin gwangwani kusan kashi 75 cikin 100 ruwa ne, busasshe kuwa ruwansa bai wuce kashi 10 ba. Ke nan in ka sayi gwangwani mai nauyin giram 400, wajen giram 300 ruwa ka saya. Kafin ka tara abin da ke cikin kilo ɗaya na busasshe, sai ka buɗe gwangwani wajen tara. Ruwan nan kuma an yi masa dako a jirgi zuwa Tema, an ɗora shi a mota fiye da kilomita 800 zuwa ƙasar Bawku, duk a aljihunka. Rijiya na bayan gida, kana sayen ruwan Turai da sidinka.

Sannan ga zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, gwangwanin da aka buɗe da hantsi kafin la'asar ya fara tsami, ƙuda sun yi masa rumfa. Sai firji, firji kuma sai wuta, wuta kuwa kun san halinta, ba sai na sake ɓata takarda a kanta ba. Gaskiya gwangwani yana da ranarsa, ga tsohon kare da haƙoransa suka zube ko mara lafiyar da ya ƙi ci, amma ko su in ka jiƙa busasshen da ruwan ɗumi ya wadatar.

Kada kuma mai buhu ya saki jiki. Maƙiyinsa damina ce. Sau da yawa busasshen abinci da masara ake haɗa shi, in ya sha raɓa sai ya yi fumfuna, mai fitar da dafin nan da ake kira aflatoksin, wanda manoman gyaɗa suka sani. Hanta yake ci. A Amurka, ƙarshen 2020 zuwa 2021, karnuka fiye da ɗari suka mutu saboda abincin buhu na Sportmix mai wannan dafi. Na gwangwanin ma ya taɓa yin tasa ɓarnar a 2007, da aka samu sinadarin melamin a ciki aka kwashe shi daga kantuna. Saboda haka a sayi ƙaramin buhu, a duba ranar lalacewarsa, a juye a bokiti mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa, a ajiye wa kare ruwa a kasko dare da rana.

Yanzu bari in koma kan masu dariya, don da ku nake. Kun ce kare ƙanzo yake ci tun kaka da kakanni. Ƙanzon ma kuna ba shi? Abin da na gani shi ne a kwashe sauran miya a watsa masa, miyar da ta sha albasa da barkono da dunƙulen magi. Mu da muke alfahari da jar albasar Bawku ya kamata mu fi kowa sanin cewa albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana farfasa jinin kare, haka ma tafarnuwa. Sai ya rame, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu, a ce sammu ne. Ƙashin dafaffen zabo kuma tsagewa yake yi ya soke hanji. Wanda ba shi da kuɗin buhu ba a ce dole ya saya ba: tuwo ko shinkafa ba gishiri, da ɗan kifi ko kayan ciki daga wajen mahauta, da ƙwai in an samu, sun riƙe kare. Abin da ba shi da hujja shi ne a sake shi ya nemi na kansa, alhali da dare, musamman a shekarun nan na dokar hana fita, haushinsa ne ke sa mu runtsa, shi ke tsare awaki da akurkin zabi.

Kada wani ya fake da addini. Malamanmu na zango, daga Salaga har Yendi, sun karantar da mu halaccin karen gadi da na kiwo da na farauta, sun kuma ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, da matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa da yunwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Ka ajiye dabba, ciyar da ita yana wuyanka.

Kare mai yunwa shi ke yawo, mai yawo shi ke haɗuwa da mahaukacin kare, shi kuma ya dawo gida ya ciji yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon haukan kare, kusan dukansu ta hanyar cizon kare, kuma in alamun suka bayyana sai dai addu'a. Kowace 28 ga Satumba ana ranar yaƙi da cutar, a yi jawabi, a watse. Riga-kafinta kuwa allura ce da ake yi wa kare sau ɗaya a shekara wajen malamin dabbobi, kuɗinta bai kai na buhun abinci ba. Ɗan ƙanena na sa shi ya kai nasa kafin ya sayi ko ƙwaya ɗaya. Ku kuma da kuke da karnuka a gida, ku faɗa mini yaushe rabon naku da allura. In yaro ya sha cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ba wajen mai tofi ba.