Ƙasar waje tana bayan Tsamiya

Ka ce wa mutumin Bagudo ɗanka yana karatu a Durham ko Oxford, nan take zai gyara zama ya ce, "Masha Allah, Alhaji ya yi ƙoƙari." Ka ce masa yaron yana Jamhuriyar Benin, sai ya taɓe baki: "Au, irin na Kwatano?" Wannan hukunci ya zauna daram a zukatan mutane, ni kuwa ban yarda da shi ba.

Abin kunyar Kwatano gaskiya ne. A Disambar 2023 Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. To amma su wa suka riƙa kai kuɗin? Mu ne. Kwaɗayin a ce "ai a waje ya yi" shi ya raya waccan kasuwa, kuma shi ne dai yake sa magidanci ya sayar da fadamar gado don ɗansa ya ɗauki hoto gaban tsohuwar majami'ar Durham.

Jami'ar Durham ba ta da laifi, tun 1832 aka kafa ta. Lissafin ne bai fita ba. Kuɗin makaranta kaɗai ga ɗan ƙasar waje ya haura fam 20,000 a shekara, fam ɗaya kuwa ya kai naira 2,000 a 2024. Naira miliyan 40 ke nan, ba a yi maganar ɗaki da abinci da biza ba. Buhun shinkafa nawa manomin Lolo zai casa? A 2024 ɗin ne Jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗalibai 'yan Najeriya da faɗuwar naira ta hana su biya a kan lokaci. Wanda ya gama lafiya kuma, ba Ka'oje zai dawo ba. Abuja ce ko Legas, in ma ya dawo.

Abin da ake ƙin faɗi shi ne, da Ministan Ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya yi bayani a Agustan 2024, ya ce akwai jami'o'i biyar na Benin da Najeriya ta amince da su. Jami'ar Parakou na ciki. Ta gwamnati ce, an kafa ta a 2001, tana koyar da aikin likita da aikin gona, kuma daga Tsamiya da ke bakin iyaka, ta Segbana da Kandi tafiyar yini ce. Ƙasarsu irin tamu, daminarsu irin tamu, cutar da ke kama shanun Alibori a Benin ita ke kama na Illo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ce ta raba Borgu biyu, ta bar dangi ɗaya da harsunan boko biyu.

Je ka bakin iyaka ka tsaya. Direban tirela ne riƙe da takardar kaya da Faransanci, yana juya ta sama da ƙasa, yana neman mai karanta masa kafin ɗan sanda ya ƙaraso. Dandanci da Hausa sun isa a yi cinikin albasa da canjin sefa, amma ba sa cike fom ɗin kwastam, ba sa tsaya wa mutum a kotu. Mai ilimin Faransanci shi yankin ke nema ruwa a jallo.

Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ce Faransanci ya zama harshen hukuma na biyu, maganar ta tsaya a baki. Cibiyar koyon harshen ma tana can Badagry, nesa da mu. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a Ingila shekara guda zai ɗauki malaman Faransanci a sakandaren Bagudo da Zagga da Illo, ya kuma kai ayarin ɗalibai Parakou. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kebbi ce ya kamata ta fara wannan lissafi, ta kuma buga sunayen jami'o'in nan biyar a kowace makaranta, don iyaye su daina faɗawa hannun dillalan digiri.