Wa Aka Tambaya a Dareta?

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen ƙauyukan ƙasar Anka da ta Bukkuyum suka ga agwaginsu na ƙarewa, ba wanda ya san dalili. Ba a jima ba abin ya koma kan ƙananan yara, daga amai sai jijjiga, kwana kaɗan sai a kai yaro makwanci. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF suka kai labari, da aka auna jinin yaran sai aka tarar dalma ce. Yara wajen 400 suka rasu a Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu.

Dutsen da ake haƙowa don zinariya a wannan ƙasa haɗe yake da dalma. Maza su kawo shi gida, a zuba a injin niƙan hatsi, mata su daka a turmi a tsakar gida, ƙura ta kwanta inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Iyakar asirin ke nan.

To, akwai waɗansu ma'aikata masu cewa wai jahilci ne da kwaɗayi na ƙauyawa ya jawo. Wannan magana ba ta da kan gado. Manomin da ya ga kuɗin zinariya ya hau, ga ta kuwa a bayan gonarsa, in ya haƙa bai yi abin mamaki ba. Wane malamin tsabta ya taɓa zuwa ya ce masa ƙurar nan guba ce? Wa ya tambayi matan gida me suka gani? Da an tambaya, ai da an ji labarin agwagi tun ba a haƙa kaburbura ba.

Doka kam akwai ta. Ta 86 ta shekarar 1992 ta ce kafin a yi babban aiki sai an bincika ɓarnar da zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane, a kuma baje rahoton kwana 21 na aiki don jama'a su faɗi ra'ayinsu. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ƙara da cewa kamfani ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wurin. Amma fa rahoton da Turanci yake, a ajiye shi a ofis, a buga sanarwa a jaridar da ba ta isa Bagega. Kwana 21 su cika, ba wanda ya zo, sai a rubuta cewa jama'a ba su da ƙorafi. Mai diga da shebur kuwa ba shi da lasin, sabo da haka ko takardar ba ta san da shi ba. A zamanin En'e ba a cika neman shawarar talaka ba, gaskiya ce, amma maganar da ta fito daga fada sai ta bi hakimi da dagaci da mai unguwa, har mai shela ya kai ta kasuwa. Yau an bar wannan hanya, ba a kuwa gina wata ba.

Da masifa ta auku, hanyar nan da aka rena ita aka koma wa. Sarakuna da dagatai suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Mutanen ƙauyukan da kansu, tare da masanan TerraGraphics na Amurka, suka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, gama magani ba ya amfanin yaron da zai koma rarrafe kan guba. Bagega ce ta sha jira. A watan Mayu na 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850, kuɗi ba su fito ba sai a 2013, bayan samari sun ta da murya daga Abuja. Duk tsawon wannan jira yara na kwana a gidajen nan. A 2015 irin abin ya sake aukuwa a Shikira ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi.

A watan Afrilu na 2019 aka hana haƙar ma'adinai a Zamfara duka sabo da 'yan bindiga, a Disamba na 2024 aka ɗage hanin. Da hanin da ɗagewar daga Abuja suka sauko. Abin tsoro kuwa shi ne, sana'ar da aka haramta ba mutuwa take yi ba, ɓuya take yi, kuma babu maɓuyar da ta fi cikin gida, wurin yara.

Yanzu da aka buɗe ƙofa, duk kamfanin da ya nufi Anka ko Gummi ko Bukkuyum lalle ne a karanta rahotonsa da Hausa ran kasuwa, a gaban hakimi da liman. A aiki mata su shiga gidaje su ji ta bakin masu daka, tun da ba za su fito dandali ba. Abin da kowa ya faɗa magatakarda ya rubuta, a bar kwafi ɗaya a hannun dagaci.