Wutar Lantarki Ta Zama Mizanin Daraja

A zamanin kakanninmu, idan ana son sanin matsayin mutum a gari, akan dubi asalinsa da iliminsa da yawan masu cin tuwo a zaurensa bayan magariba; amma a yau, duk wanda ya ratsa unguwannin Kano ko Kaduna da dare, babu abin da zai fara sanar da shi darajar gida kamar hasken da ke fitowa ta tagoginsa alhali sauran layin na cikin duhu.

Bayan an kammala madatsar Kainji a 1968, aka kuma kafa hukumar lantarki ta NEPA a 1972, mazauna birni, mai hali da marar hali, sun daɗe suna tarayya cikin jarrabawa guda, domin in an ɗauke wuta an ɗauke wa kowa, in an kawo kuwa yaran unguwa su yi ihu baki ɗaya. Janareta ne ya fara raba su. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai ƙaramin ma'aikaci, wanda a da yake tinƙaho da ɗan injinsa, ya tura shi ƙarƙashin gado, attajiri kuwa ya shimfiɗa faifan sola a bisa rufinsa, inda duk mai wucewa zai ɗaga kai ya gani.

Abin da ya fi damuna shi ne, wannan bambanci da a da aljihu kaɗai ke yin sa, yanzu hukuma ta rubuta shi a takarda. An kasa masu shan wuta rukuni biyar, daga A zuwa E, aka yi wa na farko alkawarin sa'o'i 20 a kullum, na ƙarshe kuwa sa'o'i 4 kacal. Sa'an nan a watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane ma'auni. Hujjar masu wannan tsari tana da nauyi, ba na musu, gama kamfanin da ba ya tara kuɗi ba zai iya gyara taransifoma ba. Sai dai kuma natijarsa ita ce, tela da mai walda da mai injin niƙa, waɗanda wuta ce jarinsu, in ƙaddara ta ajiye su a layin baya sai su wuni suna jira, in kuwa ta ajiye su a layin manya sai kuɗin wata ya cinye ribarsu, ta ko'ina dai su ne a ƙasa. Har ta kai ana jin matasa suna alfahari da rukunin unguwarsu, tamkar wata nasaba ce suka gada.

Malamanmu ba su taɓa haramta wa mutum jin daɗin halalinsa ba, amma sun yi kashedi mai tsanani game da israfi da riya, sun kuma girmama haƙƙin maƙwabtaka matuƙar girmamawa. Saboda haka ina ganin abin kunya ne a bar na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a falon da babu kowa, alhali a bayan katanga mai azumi yana neman ƙanƙarar buɗa baki da tsada a tsakiyar bazara.

Lokacin da aka lalata layin wutar lantarki na Shiroro zuwa Kaduna a watan Oktoba na 2024, Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu, kuma waɗanda suka fi jigata su ne marasa lafiya da masu ƙananan sana'o'i. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, wajibi ne gwamnoninmu su fara da asibitoci da makarantu da kasuwannin masu sana'a, su ba su sa'o'i masu yawa a farashin da za su iya ɗauka, kafin a waiwayi unguwannin da ke da halin taimakon kansu.